Ajiyar Riga a Bakin Kududdufi

Bayan unguwarmu a Makarfi akwai wani kududdufi da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. A nan nake wankau tun da mijina ya rasu. Mu 'yan kaɗan ne, zawarawa da tsofaffi, kowace da dutsen wankinta.

Idan zafi ya taso, yaran unguwa duk a can suke yini. Ba mu hana su, don ba sa hanuwa. Doka ɗaya ce, kuma tarar da ita muka yi. Yaro ba ya shiga ruwa sai ya tuɓe rigarsa ya kawo wa ɗayarmu. Mu danne ta da dutse kusa da ƙafa. In ya fito ya zo ya karɓa. Mace ba ta naɗe wankinta ta tafi gida alhali da rigar wani a wurinta. Hannu na cikin kumfa, ido na kan ruwa. In riga ta daɗe ba a zo ɗauka ba, sai ka ji an ɗaga murya.

"Kai, mai kan ƙwarya! Ina ƙanenka? Ga rigarsa nan tun azahar."

"Iya, yana cikin kainuwa yana kamun kwaɗi."

"Ce masa ya ɗago in ga idonsa, ko in sayar da rigar in sayi goro."

Wanda ya faɗa ruwa bai ba da riga ba, manyansu muke sawa su jawo shi, ya sha ranƙwashi. Ni kaina na taɓa faɗawa da zanena na jawo ɗan maƙwabta ta ƙafa. Iya zamana a wurin ba a taɓa ɗaukar gawa ba.

A nan autana ya koyi iyo. Shi kaɗai ya rage mini, ƙyanda da zazzaɓi sun kwashe sauran. Yana da wata jar riga ta 'yan ƙwallo da na saya masa a gwanjo. Kullum a ƙarƙashin dutsena take yini.

Sai aka sayar da filin. Mai unguwa ya tara mu ya ce ruwan na kawo sauro da fitsarin jini. Ban musa ba, yana kawowa. Manyan motoci suka yi ta juye ƙasa har wurin ya shafe. Aka gina masaukin baƙi mai doguwar katanga, da wurin wanka na siminti a ciki. Na taɓa ganinsa ranar da na kai wankin zannuwan gado. Ruwa shuɗi, ana hango ƙasansa. Babu kowa a ciki sai 'ya'yan wani baƙo daga Kaduna, da maigadi a tsaye yana kallonsu.

Bayan haka aka yi shela: duk yaron da aka kama yana wanka a rafi ko a rami zai sha bulala, ubansa kuma ya zo ya yi bayani. Na je wurin mai unguwa na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, shi ma zafin an hana shi zuwa ne?"

"Ke dai ba ki rabuwa da baƙar magana. Don lafiyarsu aka yi."

"Za su shiga ruwa, ko an so ko ba a so. A ba su inda za mu riƙa ganinsu."

"Ki tsare naki, kowa ya tsare nasa."

Na tashi na tafi.

A hanyar Dandamisa, bayan gonakin rake, akwai ramin da masu aikin titi suka haƙa suka bari. Ruwan farko ya sauka ya cika shi, zafi kuma bai tafi ba. Bakinsa a tsaye yake kamar bango. Ruwan ja ne, ba mai wanki a wurin. Can yaran suka koma. Da yake tarin riguna zai tona su ga mai wucewa, kowa sai ya cusa tasa cikin rake, inda shi kaɗai ya sani.

Na gane autana ma can yake zuwa tun ranar da ya dawo ido jajur, jiki furu-furu. Na ce masa, "In za ka, kawo mini rigar. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya yi dariya. "Inna, in fita ba riga? Ai kowa ya gan ni ya san inda za ni. Su kuma su ce na tona musu asiri."

Wata Alhamis aka yi la'asar bai shigo ba. Na bi gidajen abokansa. Duk sun dawo, har wasu sun ci abinci. Kowanne na tambaya sai ya ce, "Ai ya riga mu tafiya." Ba ƙarya suka yi mini ba, haka suka zata. Kowa ya fito ya zaro rigarsa ya gudu. Babu inda za a ga ɗaya ta rage.

Da ƙyar wani cikinsu ya fashe da kuka ya kai ni wurin. Na shiga raken ina bankaɗawa, ganyen na yankata. Na sami jar rigarsa a naɗe cikin busasshen ganye, an tura ta can gindi. Ya iya ɓoye abu. Maza suka zo da doguwar gora, suka fito da shi daga ramin kafin magariba.

Mai unguwa ya zo gaisuwa. Ya ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ce. Ai mun hana."

Na ce, "Kun hana."

A bana, da zafi ya dawo, na ɗauki bahona na tafi bakin ramin. Ruwan na ɓata kaya, don haka tsummokarana kawai nake kaiwa. Na samo dutse na ajiye kusa da ƙafata. Ba wanda ya kawo mini riga. Da yaran sun hango ni sai su watse, don sun ɗauka mai unguwa ne ya aiko ni. Yanzu ramin shiru. An ce sun samu wani ramin a gaba, ba wanda zai faɗa mini inda yake.