Hoton da Bai Buɗe Ba

Baba Makulli ake ce masa, don tun daga bakin titi ake jin ƙarar makullan da ke ƙugunsa. Shi ne mai kula da sito a wani ɗan kamfanin sayar da kayan famfo, tun gashinsa na baƙi wuluk. Ka ce ya miƙo maka kan famfo ido rufe, hannunsa zai kai wurin.

Sai maigidan ya rasu, ɗansa ya hau kujera. Yaro ne mai kwamfuta, ba ya dariya, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Cikin wata guda ya sallami direba da mai gadi. Tun daga nan Baba ya fara tsoron shi ma za a sallame shi. Ko tari yaron ya yi a ofis, sai Baba ya kasa kunne.

'Yarsa ta fari ce ta sa masa shafin neman aiki a waya. Ta ce, "Baba, manyan kamfanoni yara suke so. Ka riƙa duba ƙanana."

Haka ya koma. Da an tashi cin abincin rana sai ya laɓe bayan tulin bututu, ya sa tabarau, yana murza waya, kunnensa na bakin ƙofa. Wannan na son matashi, wancan na son mai digiri. Kai, har mai shara sai ya iya kwamfuta!

Ran nan sai ga shi: ƙaramin kamfanin kayan gini na neman gogaggen mai kula da sito. Ba suna, sai hoto a ƙasa, shi ma ya ƙi buɗewa, yana ta juyawa. Baba bai jira ba. Da yamma ya zaunar da 'yarsa suka cike komai. Da suka zo inda ake tambayar dalilin barin aiki, ta ɗago kai.

"Me zan sa?"

"Rubuta gaskiya. Ki ce inda nake yanzu ba a san darajar manya ba."

Ta rubuta, ta tura.

Washegari a bayan bututun ya sake buɗe tallar, ko an amsa. Wannan karon hoton ya fito tas. Kantoci ne na ƙarfe, da koriyar ƙofa, da wata kujera a lungu wadda aka ɗaure ƙafarta da waya. Shi ya ɗaure ta da hannunsa. A kanta ma yake zaune.

Innalillahi! Ashe mai maye gurbinsa ake nema, shi kuma ya kai kansa, har da suna da hoto da baƙar magana. Ya shiga danne-danne ko za a iya janyewa, ina, babu hanya.

Sakatariya ta leƙo. "Baba, oga na kira."

Ya tarar da yaron ya juyo masa da kwamfuta, ga fuskar Baba nan a ciki da hular da ya fi so.

"Baba, ciwon gwiwarka na gani, na ce a samo wanda za ku riƙa yi tare, kai ka huta da hawa tsani. Ashe ba mu san darajarka ba."

"Ranka ya daɗe, ai ba haka..."

Yaron hannu kawai ya miƙo, idonsa a kan makullan. Baba ya kai nasa ƙugu, ya yi ta fama da zoben makullan, ya kasa ɓalle shi.