Zagin da Na Goge

Kakata ba ta iya magana a hankali ba. Idan ta ce "kai!" daga tsakar gidanmu a Fagge, har masu adaidaita sahu na bakin layi sai sun waiwaya. Turaren wuta da humra take haɗawa, sana'ar da ta taso da ita tun daga Barno, kuma rabin masu zuwa saye ba ƙamshin ke kawo su ba, bakin nan nata ne. Ni da nake jikanta, wai mijinta, na fi kowa shan sa. "Ragon miji, ba ka ajiye komai ba sai tulin takardu." Na saba, har idan ta wuni ba ta taɓa ni ba sai in je in tsokano ta.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a likitoci suka ce ciwon da ke maƙogwaronta daji ne, sai an cire wurin da murya ke fitowa. Za ta rayu in Allah ya yarda, amma ita da magana har abada. A lokacin malamar da ke duba aikina tana bincike a kan irin waɗannan marasa lafiya. Kafin a yi wa mutum aiki sai a naɗi maganganunsa da muryarsa, a zuba a waya, kowace magana da hotonta, yadda ko wanda bai yi boko ba zai danna hoto wayar ta yi magana a madadinsa. Ni na kai zancen Kaka, har da ɗan alfaharina.

Malamar ta ce, "Abin da ta saba faɗa kullum muke so, kada ku gyara mata baki." Na ce to, amma ba haka na so ba. Matar da nake rusuna wa a ofis ce za ta zauna a ɗakinmu ta ji yadda ake wanke ni. Ana gobe za su zo na sami Kaka tana jiƙa itacen turare.

"Kaka, don Allah gobe ki rufa min asiri. Manyan mutane ne."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Au, kunyata kake ji?"

Na ce a'a. Ta ce, "To, angon boko. Za ka ga ladabi."

Na kuwa gani. Ta yafa laffayarta ta zuwa biki, ta zauna a gaban na'urar kamar mai amsa tambaya a kotu. Sannu da zuwa. Na gode. Ina son ruwa. Ku kira likita. Allah ya yi maka albarka. Muryar ta riga ta dushe, amma tata ce. Sau ɗaya kawai ta manta, da na yi tuntuɓe da kaskon turarenta garwashi ya watse a leda. "Kai dai an yi sakarai! Ragon miji, Allah wadaran naka ya lalace!" Malamar ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai a sa wannan.

Ni aka ba aikin yanka maganganun da jera su a waya. A ɗakin kwamfuta na yi, abokan karatuna na kai da kawo a bayana, har da wata da nake so ta ɗauke ni mutumin kirki. Da na iso wurin zagin, sai na goge shi. Na ce wa kaina ai da sauran lokaci, in ana so a sake naɗa. Sai asibiti suka matso da ranar aiki.

Da ta warke ta koyi wayar da wuri. Hoton kofi ruwa ne, hoton tafin hannu biyu albarka. 'Yan dubiya suna ta mamaki, wasu har suna cewa ciwo ya sanyaya Hajiya, yanzu ba ka jin komai daga gare ta sai godiya.

Fitarta ta farko, da hannu ta nuna min kwalbar humra, na gane Sabon Gari take so. Akwai wata Ibo mai sayar da kwalabe a kasuwar, haifaffiyar Kano, wadda suka tsufa suna faɗa da Kaka. Ba su taɓa yin ciniki ba tare da an taru a kansu ba. Tana hango mu ta miƙe tana tafa hannu.

"Ga ta nan, Hajiya mai rowa! Mutuwa ma ta ɗanɗana ta tofar. Yau kuma da wace masifar kika zo min?"

Ta riƙe ƙugu tana jiran amsa. Na ga idon Kaka ya kawo haske, leɓenta ya motsa, iska kawai ta fito ta ramin da likitoci suka bar mata a wuya. Ta ciro wayar da sauri, yatsanta na bin hotuna, sama, ƙasa, ta sake komawa sama. Ni da na jera su na san babu zagi a ciki. Daga ƙarshe ta danna ɗaya.

"Na gode," in ji wayar.

Matar ta saki ƙugunta. Ta jawo kujera ta kakkaɓe da gefen zaninta. "Zauna, Mama. Sannu. Ya jiki?" Ta zuba kwalaben a leda a hankali, ta miƙo da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma wannan karon kunyar kaina ce.

A adaidaita sahu muna komawa Fagge, Kaka ba ta kalli titi ba, ni take kallo. Ta ɗora wayar a cinyarta ta danna hoton tafin hannu. "Allah ya yi maka albarka." Ta sake dannawa, da ƙarfi har farcenta na ƙara a gilashin. Ta sake. Haƙoranta a cije, idonta ya kaɗa, muryarta kuwa sai fitowa take a tausashe, irin ta ranar ladabi.

Mai adaidaitan ya leƙo mu ta madubi yana murmushi.

"Kai, Malam, ka yi dace da tsohuwa. Me ka yi mata haka?"