Notin Allon Sixten

Gunborg ce ta fara ba ni labarinsa, mai rumfar kofi a bakin tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta nan Malmö. Ke Tuva da kike rubuta labarin nan, rubuta sunanta da kyau, matar ta rasu. Ranar da aka ɗauke ni aikin sharar kwanon siminti ta miƙo mini kofi ta ce, "Akwai mai zuwa ya duba sharar taka. Sixten. In ya ce akwai tsakuwa, kada ka yi musu, ka koma ka share."

Kwanon dai kin san shi. Gefe guda zurfinsa iya ƙugu, ɗaya gefen kuwa mutum biyu za su hau kan juna ba su kai leɓe ba. Nan masu allo mai taya suke zagaye kamar ruwa a ƙwarya.

Sixten a lokacin yana da shekara hamsin da ɗaya. Direban bas ne, dogo, siriri, kullum da taba a ƙarƙashin leɓe. Ya taɓa aure, matar ta gaji ta tafi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake kan allo, amma ba hawansa ne ya sa aka san shi ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashin allon ne, wanda ke riƙe da tayoyi, su suna ce masa tirok. Guda biyu ne, gaba da baya, kowanne da roba biyu a ciki da noti guda da ke matse su. In ka ɗaure notin tamau, allon ya miƙe kamar jirgin ƙasa. In ka sassauta, ko ƙugu ka karkata sai ya bi ka.

"Kwano ba shi da miƙaƙƙiyar hanya," haka yake cewa. Shi nasa sakwaf suke, in ya ɗaga allon har kaɗawa suke yi. Shekara goma sha ɗaya yana kan ƙarfen nan biyu, leɓen kwanon ya ci musu kwari a tsakiya, daidai inda yake goga su.

Kowa shi yake kawo wa allo. Sai ya aza tafin hannu ya gwada faɗin katako da faɗin ƙarfe. In tayoyin sun shige ciki ya ce a mayar wa mai shago, wannan na yara ne masu tsalle a titi. Sannan ya dubi mai allon sama da ƙasa.

"Kilo nawa kike, Majken?"

Majken mai walda ce, ta haura talatin, ita kaɗai ke iya mayar masa da magana.

"Haba Baba, ana tambayar mace haka?"

"Ni ban tambaye ki ba, robar ce ke tambaya."

"To ka ce mata sittin da biyu."

"Da burodin kirfan Gunborg ko babu?"

"Tsoho, gyara mini allo ka bar sa ido!"

Doka biyu gare shi, duk wanda ya zauna kusa da shi ya haddace su. Ta farko, nauyin mutum da roba ake amsa shi, ba da noti ba: mai nauyi roba mai tauri, mara nauyi mai laushi. Ta biyu, ba a taɓa noti ranar sanyi. Sanyi yana sandarar da roba, sai ta yi maka ƙarya, ka ga kamar allon ya ɗaure alhali lafiyarsa lau.

To shi ya karya ta biyun da hannunsa.

Farkon Maris ne. Wata huɗu kwanon yana cike da ruwa da ƙanƙara, ranar nan ya bushe. Sixten ya fito aiki ko gida bai je ba. Sanyi kuwa har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Ya faɗa kwanon, allon ya ƙi juyawa. Ya fito, ya sake, ya ƙi. Ya dubi sama, hadari na taruwa, sa'a guda ce ta rage masa. Ya zaro sifana daga aljihu, ya sassauta gaba juyi guda cif, baya ma haka. Ya ce a ransa in ya koma gida zai mayar.

Ya ji daɗin ranar, ba ƙarya. Sannan aka shiga ruwa mako biyar, allon yana jingine a bayan ƙofa, maganar noti ta fita daga kansa.

Tsakiyar Afrilu rana ta buɗe, zafi har mutane sun tuɓe riga. Robar ta yi laushi kamar tuwo. Ya faɗa da gudunsa, ya hau bangon gefe mai zurfi, ya karkata yadda ya saba shekara da shekaru. Allon ya karkata fiye da yadda ya nema, taya ta ciji katako, allon ya tsaya cak. Shi bai tsaya ba. Ina riƙe da tsintsiya na ji ƙarar faɗuwarsa. Ƙashin ƙugu ya karye gida biyu.

Wata bakwai bai taka ba sai da sanda. Bas ma aka sauke shi, aka ba shi zama a ofis yana amsa waya. Zaman nan ya ƙara masa kilo goma sha huɗu. Likita ta gaya masa gaskiya: aikin farko da aka yi masa a ƙugun bai kama da kyau ba, watan Oktoba mai zuwa za a sake buɗe shi a sa masa ƙugun ƙarfe, daga nan shi da allo sai kallo. Bazara guda ke nan ta rage masa, kuma abu guda yake so a cikinta. Ya hau bangon nan mai zurfi sau ɗaya, ya ji ƙarfensa yana gogar leɓe, ya sauko da ƙafarsa.

Ya dawo kwanon a watan Mayu, bayan shekara ta zagayo. Aka tashi aka yi ta buga alluna a ƙasa ana masa maraba. Ya hau a gefe mara zurfi, allon ya ɗan motsa a ƙarƙashinsa. Ya sauka, ya juya wa mutane baya, ya ɗaure notin rubu'in juyi.

Washegari ma rubu'i. Bayan kwana uku wani rubu'in. Duk sanda ya ɗaure sai ya ji zuciyarsa ta kwanta, amma da ya tunkari kwana sai allon ya miƙe, ya nufi bango kai tsaye, dole ya dira ya bar shi. Dirar kuma a ƙugun take ƙarewa. Sai tsoro ya ƙaru, sai ya sake ciro sifana. Ya san abin da yake yi sarai. Ba wanda ya fi shi sani a garin nan.

A watan Yuli Majken ta fizge allon daga hannunsa ta kifa shi. Robar ta kumbura ta fito ta gefe, ta tsage.

"Baba, mene ne wannan? Wane jaki ne ya yi maka wannan aikin?"

"Ba ni abina."

"Da wani ne ya kawo maka wannan, da ka kore shi har bakin teku. Kilo nawa kake yanzu?"

Ya kau da kai.

"Ba ni ke tambaya ba, robar ce," in ji ta.

Ba wanda ya yi dariya. Ta tsuguna kusa da shi ta rage murya. "Ka yi nauyi, shi ke nan, ba wani abu ba ne. Ka sa roba mai tauri, ka ɗaga ƙarfen kaɗan daga katako don kada taya ta sake cizo, ka saki notin nan ya sha iska. Kai ka koya mana fa."

Matsalar, ƙarfensa tsohon yayi ne, robar da ke shiga cikinsa shago guda ke da ita, a Kopenhagen, ƙetaren gada. Tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa. Majken ta ce za ta je ta sayo ranar Asabar. Ya ce a'a, shi bai taɓa hawa robar da bai matsa da yatsansa ba. Ta ce to ya sayi sabon ƙarfe a nan. Ya dube ta kamar ta zage shi.

Ranar ya koma gida ya shimfiɗa jarida a kan teburin kicin, ya warware ƙarfen biyu, ya wanke kowane ɓangare, ya jera su. Tsagaggiyar robar guda ya sa a aljihun kwat don ya gwada da sabuwa.

Ranar Asabar ya je tasha, ya sayi tikiti, ya sauka ƙasa inda ake jiran jirgi. Jirgi ya zo, ƙofa ta buɗe a gabansa, mutane suka shiga, ta rufe. Yana tsaye da hannu a aljihu yana murza robar. Na biyu ya zo ya wuce. Na uku ma. Sai ya hau sama ya tafi rumfar Gunborg.

"Har ka dawo? Ina saƙon?"

"Ban je ba."

"Ƙafar ce?"

"Ba ƙafar ba ce." Ya daɗe yana juya cokali a kofin. "Gunborg, yanzu in aka tambaye ni, sai in ce robar ce ba ta da kyau. In na sayo, allon ya juya yadda ya kamata, ni kuma na tsaya a bakin kwanon na kasa faɗawa, me zan ce kuma?"

"Ka ce ka gwada, wawa."

"Mako mai zuwa," in ji shi.

Agusta ta wuce. Yana zuwa ya zauna a benci ba allo. In an kawo masa gyara sai ya nuna Majken da haɓa, ya ce hannunsa ya lalace. Satumba ta shigo da ruwa, ganye ya cika kwanon, ina sharewa yana sake cikawa. Aka samu kwana huɗu a jere da rana a ƙarshen watan, Majken ta je har gida ta buga masa ƙofa. Ya amsa daga ciki ya ce gobe da jirgin farko zai ƙetara.

An yi masa aikin ranar tara ga Oktoba. Da aka sallame shi, ba ya iya hawa benen gidansa, sai ƙanwarsa ta zo da mota ta tafi da shi can arewa, ƙauyen da ko titin kirki babu. Ni da Majken aka ba makulli mu kwashe kayan ɗakin. Muka tarar da ƙarfen a jere kan jarida yadda ya bar su, kwat ɗin yana rataye, robar tana aljihu.

Majken ta kira shi a waya ta ce za ta haɗa su ta aika masa. Ya ce kada ta taɓa, ta sa su a kwali yadda suke, akwai robar da zai je ya sayo tukuna.

Shekara shida ke nan. Kwalin yana gidan Majken.