Idon Ɗan Fari

Ba abin da ke wucewa a gidana ban gani ba. Jika ya lashi miya, na gani. Suruka ta ɗaga gira, na gani. Fuska ɗaya ce ban taɓa tsayawa na kalla ba, ta ɗana na fari. Haka muka tashi a Sandamu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zuba masa ido. "Wancan" nake ce masa har ya yi gemu, ya sayi babur yana jigilar mutane zuwa Mashi.

Wata safiya matarsa ta shigo da salati, wai aljani ya mare shi. Baki ya karkace, kunu na zuba ta gefe, idon hagu ya ƙi rufuwa. Na ce aljanin da zai mari wancan sai ya iya gudun babur. Amma abin ba na wasa ba ne. Mai ido a buɗe ba ya tuƙi, ƙwaro ɗaya ya ishe shi, kuma da babur ɗin yake ciyar da gidansa.

Daga asibitin Daura aka tura mu Katsina. Likita ya ce jijiyar fuska ce ta kwanta, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, dama girarsa ɗaya ta fi ɗaya tashi, ko yanzu ne?"

"Tambayi matarsa."

"Ba ke kika haife shi ba?"

"Haihuwa na yi, likita, ba kallo ba."

Wancan ya yi dariya da rabin baki. Matarsa ce ta faɗa mini daga baya.

Aka liƙa masa wayoyi a ƙarƙashin idanu, aka ɗan tsikare shi da lantarki a gira don a ga ko idon zai yi yunƙurin ƙiftawa. Ƙato da shi ya ce "Wayyo Inna!" Ni kuwa ina nazarin rufin ɗakin. Likita ya ce na'ura ta nuna jijiyar ta amsa, a makare dai, amma ta amsa, kuma masu irin wannan sun fi samun warkewa. Ya ba da magani, ya ce a lura da ranar da idon zai ƙifta.

A lura! Wa zai lura, matarsa da akuya ke cinye mata tuwo tana zaune?

Sai na koma tsintar wake kusa da babur, na karkata madubinsa yadda nake so. Ran nan wancan yana tsugune yana gyaran sarƙa, kaza ta zo wucewa. Na ɗebi ruwa a moɗa na watsa mata, na kuma tabbata ban same ta ba. Ruwan ya sauka a fuskarsa. A madubi na ga idanu biyu sun rufe tare.

"Haba Inna, kazar tana can fa!"

"Ba da kai nake ba."

Na tashi na ɗebo gero cike da tafi biyu, na zuba wa kazar.