Hular Baba da Gwangwanin Rasit

Rumfar mahaifina ita ce ta ƙarshe a layin 'yan albasa na kasuwar Jega, jikin wata tsohuwar dogonyaro. Ba wata babba ba ce. In buhu goma sha biyu suka shiga, sai mai rumfar ya koma waje da zama. Amma da la'asar, in rana ta karkata ta ɓullo ta ramukan zana, sai ɓawon albasar da iska ke ɗagawa ya riƙa yawo cikin hasken, ja-ja, ba ya gaggawar sauka. Tun ina ƙarami nakan zauna ina kallon wannan har mai saye ya yi sallama sau uku ban ji ba. Yau ga furfura a gemuna, ban warke ba, kuma ban nemi magani ba.

Baba bai yi boko ba, lissafinsa a jikin rigarsa yake. Duk rigar da zai ɗinka sai ya sa tela ya yi mata aljihu uku. Na dama na uwar kuɗi ne, wadda za ta koma Aliero ta sayo wata albasar, ba a taɓa ta ko da gida za a kwana da tuwo ba miya. Na hagu na cefane ne da sabulu da maganin yara. Na ƙirji kuwa ƙulli biyu ne a cikinsa, ɗaya na zakka, ɗaya na hukuma. Da an sayi buhu, kafin mai sayen ya ɓace cikin mutane, Baba ya riga ya raba kuɗin gida uku.

"Kuɗɗin haraji ba naka ba na," haka yakan ce mini. "Ajiya ta anka ba ka. Ka hidda su tun suna da ɗumi, kak ka bari su saba da kai."

Akwai aljihu na huɗu da ba ya jikin riga. Wata saniya ce da ya ba wani amininsa Bafulatani kiwo a wajen Sarandosa, ƙasar Maiyama. Ba mu cika maganarta a gida ba. Mun dai san tana can tana cin ciyawa, kamar yadda mutum ya san akwai rijiya a bayan gari.

Abin da ya fi ba ni kunya a sha'anin Baba shi ne ranar biyan kuɗin rumfa. Sau ɗaya a shekara mai karɓar haraji kan zo da littafinsa. Baba ba ya biya shiru. Sai ya sayo goro, ya kira maƙwabcinsa na dama, wani tsoho mai sayar da buhuna da igiya, ya kira na hagu, har da mai shayin bakin layi. Ya ƙirga kuɗin da ƙarfi a gabansu. Ma'aikacin ya rubuta rasit da biro, ya buga hatimi, ya yago. Sai Baba ya ɗaga takardar sama ya ce, "Kun gani?" Su ce, "Mun gani." Ya raba goro, ya ninke takardar, ya cire hularsa ya sa ta ciki ya mayar.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ina ji da kaina, biro biyu a aljihun gaba. Wata shekara na kasa haƙuri na ce, "Baba, wannan ai tallar kai ce. Tunda ga takarda, mene ne na tara jama'a? Kuma hula ba wurin ajiya ba ce, gumi zai lalata ta."

Ya dube ni yana tauna goronsa. Malam yake kirana in zai zolaye ni.

"Malam, takarda ba ta da baki. Ran da ta yi shiru, wa za ya yi mata magana?"

Na yi dariya. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ake ji a wuce.

Baba ya rasu a ƙarshen wata kakar albasa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na ajiye alli na karɓi rumfar, don da ita ake ciyar da gidanmu na unguwar Jega Firchin, da Inna, da ƙannena mata, da nawa iyalin. Aljihu ukun nan ban yar da su ba, na ga amfaninsu tun watan farko. Goron ne na yar. A lokacin an fara biyan kuɗin hukuma ta na'ura, sai na ce madalla, zamani ya zo ya raba ni da kunya. Akwai wani mai POS da ke zama ƙarƙashin lema a bakin tasha. Nakan miƙa masa tsabar kuɗi, ya latsa, na'urar ta yi ɗan kukanta ta tofo siririyar takarda mai santsi. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. In dawo in saka ta cikin wani gwangwanin alewa mai murfi, in ɗora bisa azarar rumfa, daf da kwanon rufi, inda hannun yara ba ya kai. Har nakan yaba wa kaina wannan dabara.

Shekara uku na yi haka, kuma shekaru ne masu daɗi. Ranar saye nakan hau mota da hantsi zuwa Aliero. Akwai lokacin da gonakin albasa ke shimfiɗe kore shar har inda ido ya gaji, injinan ban ruwa suna ta gunaguni, balbelu suna bin masu aiki. Daga baya a tone, a zube ta tsibi-tsibi, garin duka ya ɗauki ƙamshinta, har rigar da ka koma da ita gida sai ta kwana biyu tana ba da labari. Abin da idona ya fi tsayawa a kai shi ne rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace a adana albasa iska na ratsa ta, har damina ta faɗi albasar ta yi tsada. Ina son in mallaki nawa. A cikin motar dawowa nakan gina shi a raina, in cika shi, in sayar, in sake wa Inna rufin ɗaki, in kai ta Makka, duk kafin mu iso gadar Jega. Kuma mafarkin yana da ƙafa huɗu, don saniyar Baba ta haifi ɗan maraƙi. Na ƙudura in bar shi ya zama bijimi, shi zai gina mini rudun.

Sai ga sanarwa cewa za a sake gina layinmu da bulo. Duk mai rumfa ya kawo shaidar biyan shekara uku cikin mako biyu, a rubuta sunansa a sabon tsari. Wanda bai kawo ba, ko dai ya biya duka da tara, ko a ba na bayansa, don masu jiran gurbi suna da yawa. Mutane suka shiga kame-kame. Ni kuwa ko a jikina. Na sauko da gwangwanina, na kaɗe masa ƙura, na tafi ofis ina taku ɗai-ɗai.

Ma'aikacin da na tarar mutum ne mai natsuwa. Na buɗe murfin a gabansa na zazzage kan tebur. Takardun suka warwatse, na ɗauki ɗaya zan miƙa masa, sai na ga ba komai a jikinta. Na juya bayanta, nan ma ba komai. Na ɗauki ta biyu, ta uku, har da na sauran 'yan kuɗaɗen da na biya a tsakani. Duk sun koma fari fat. Na kai ɗaya bakin taga na ɗaga ta ga rana, ina ganin kamar inuwar lambobi, amma ina matsowa da ido sai su gudu. Fanka na juyawa a sama, takardun suna ɗan motsi kan teburin, ni kuma na ji kamar ina tsaye cikin ruwa ana yi mini magana daga tudu.

"Malam, ina ka aje su?" in ji shi.

Na ce ƙarƙashin kwano.

Ya girgiza kai. Ya ce irin wannan takarda ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ke rubuta ta, zafi kuma ke shafe ta. Bazara uku ta Jega a ƙarƙashin kwano, ai ko mutum ne ya kwanta a wurin sai ya manta sunansa. Ya ce, "Ban ce ba ka biya ba. Amma kuɗɗin daga asusun mai POS sunka hito, ba naka ba, kuma ba sunanka ba lambar rumhwa. Lambar da za mu bi, ita ce rana tas shanye. Ka nemo shi, ko ka kawo wanda yag gani."

Na je bakin tasha. Lemar ba ta nan, wani mai lemo ne a wurin. Aka ce mai POS ɗin ya daɗe da tafiya kudu neman kuɗi, lambarsa ma ba ta shiga. Daga nan na wuce wurin tsohon nan mai buhuna, maƙwabcin Baba, na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa komai. Ya amsa mini yana murza igiya a cinyarsa.

"Ɗana, na san ba ka ƙarya. Amma shaida ba a yin ta da zato. Da na gani, wallahi da na hwaɗi. Ban gani ba."

Wannan magana ta fi fararen takardun yi mini ciwo. Ni na hana shi gani. Na zauna a rumfar har la'asar, ɓawon albasa na ta yawonsa cikin haske, a karo na farko na kasa kallonsa. Tsoro nake ji, tsoron a ce rumfar da Baba ya riƙe tsawon rayuwarsa da aljihu uku, ta suɓuce a hannun ɗansa mai biro biyu.

Da na faɗa wa Inna ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗakin Baba ta ciro wata tsohuwar hula daga ƙusa, ta miƙo mini. Ashe can yake tara su. Rasit ne ninke-ninke, sun yi ruwan ƙasa, gumi ya zana musu taswira, suna ƙamshin man gashinsa. Na warware su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Kowace ga sunansa, ga lambar rumfa, ga hatimi, ana karantawa sarai. Na kifa fuskata cikin hular na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Takardun Baba sun yi mini rabin aiki. Ma'aikacin ya duba ya ce sun tabbatar rumfar tamu ce, ba za a ba kowa ba in na cika kafin wa'adi. Amma shekara ukun nan tawa sai na sake biya, da tara, da kason sabon gini. Na lissafa. Aljihun ƙirji ba zai kai ba, ƙullin zakka kuma ba nawa ba ne. In na taɓa uwar kuɗi, zan samu rumfa ta bulo ba albasar sawa a ciki.

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Maiyama, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Sarandosa. Na tarar da aminin Baba a bakin garke, raɓa ba ta gama bushewa ba, hayaƙin da aka tura wa shanu yana kwance ƙasa-ƙasa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, aka kawo mini nono mai ɗumi. Ban kai ƙarshen bayanina ba ya ɗaga sandarsa ya nuna maraƙin, fari mai jan wuya, yana tsalle bayan uwarsa.

"Baffa," na ce, "bai isa sayarwa ba. Na so ya ƙara shekara biyu."

"Na sani," in ji shi. "Ubanka ya ce mini, in don biki ka zo ko don babur, in ce maka ba ta haihu ba. In don rumhwa ka zo, in ba ka. Ɗauki ɗan, ka bar uwar."

A kasuwar dabbobi na tsaya har aka ɗora shi a mota. Yana leƙowa ta tsakanin katako, ni kuma ina kallon ruduna da rufin Inna da jirgin Makka suna bin titi suna ƙanƙancewa. Kuɗin da aka ba ni sun biya bukata har da ɗan saura, na sa sauran a aljihun ƙirji don baɗi.

Tun daga ranar, duk ɗan kasuwar da ya zauna kusa da ni sai na dame shi da wa'azi. Ka biya da sunanka da lambar rumfarka. In an ba ka takarda mai santsi, ka ɗauke ta hoto da waya kafin ka bar wurin, ka buga kwafinta, ka nemi ta biro mai hatimi. Kada ka ajiye ta inda rana ke kwana. Wasu su ji, wasu su yi mini irin dariyar da na yi wa Baba, ni kuma ba na jin haushi, na san inda dariyar ke ƙarewa.

Ranar biyan, saura kwana biyu wa'adi ya cika, na roƙi ma'aikacin ya zo rumfa da littafinsa. Na sayo goro fari da ja. Na kira tsoho mai buhuna, na kira na hagu, na kira mai shayi. Na ƙirga kuɗin da ƙarfi, ina jin kunnuwana suna zafi. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka yago. Na ɗaga takardar sama na ce, "Kun gani?"

"Mun gani," suka ce.

Tsohon ya zaɓi goro ja, ya ɓare, ya jefa rabi a baki. Sannan ya miƙo hannu ya cire mini hula da kansa, ya karɓi rasit ɗin ya ninke yadda Baba ke ninkewa, ya sa a ciki, ya mayar mini bisa kai ya danna.

"Shekara ukku muna jiran goron ga," in ji shi. "Mun aza ka raina mu na."