Furen da Aka Hana Malama Veturia

Ni na fara ganin ta, kada wani ya ce ya riga ni. Tun magajin gari bai san sunanta ba, ni Gavrila nake tsayawa a ƙofar gidana da sassafe, in ga Malama Veturia ta wuce da takalmin roba da ƙunshin itace a hammata, za ta hura murhun ɗakin nan na bayan makaranta. Ban taɓa zama a aji ba. Amma na ga bayan gonar gwamnati, na ga bayan masu ita, kyarkeci ya yage mini cinya na sauko daga dutse da ƙafata. Ido irin nawa ba ya kasa gane mutum.

Idan an tashi makaranta, sai a tura mata 'yan aji biyar zuwa takwas waɗanda karatu ya gagara, yawanci iyayensu suna can Italiya ko Sifen neman abinci. Ta ba su miya mai zafi da burodi, sannan ta koma da su inda aka baro su. Mutanen ƙauyenmu, masu baki kamar reza, suka sa wa ɗakin suna ajin jakuna.

Jikana Dorin yana ciki. Sau biyu ya maimaita aji bakwai, idan ya sake faɗuwa ya bar makaranta ke nan. Ubansa kuwa kafin ya tafi Sifen ya riga ya ba Toader mai tumaki shi. Ranar bikin Waliyyi Gheorghe, a ƙarshen Afrilu, garke ya hau dutse kamar kowace shekara, yaron yana biye da sanda, ga jarrabawa tana tafe.

Wata Asabar na kai musu garin masara a kan goɗiyata, sai ga Malama Veturia tana haki, jaka a kafaɗa.

Toader ya ce, "Malama, kin ɓata hanya ne? Coci yana can ƙasa."

"Wurin yaron na zo. Ka ba ni shi lokacin tatsa."

"Wa zai koro mini tumaki ƙofar tatsa? Littafinki?"

Ta ce, "Miƙo sandar."

Ta zaunar da Dorin a kan kututture, ta ba shi aiki, ta shiga garke. Masu tatsa suna dariya har madara tana zuba. Ɗaya ya ce, "Malama, bi waccan baƙar a hankali, ta fi shugaban makarantarku taurin kai." Ta faɗi a cikin kashin tumaki, ta tashi, tana kora tana ɗaga murya, "Dorin, karanta da ƙarfi, ba na jin ka." Duk Asabar haka, har jarrabawa. Yaron ya haye da ƙyar, amma ya haye. Yanzu yana birni yana koyon aikin lantarki.

Ke ce mai tsince abin da aka watsar, Veturia. Ke ce kika hau dutsen da masu dogon jawabi ba su san hanyarsa ba.

To ku ji sakayyar. Ranar rufe makaranta kowane yaro yana kai wa malaminsa fure, wanda ya zo na ɗaya a ɗora masa kambi. Malamai su tafi gida da fure har ba sa ganin gabansu. Ita fa? Wanda ya miƙa mata fure a gaban jama'a ya yi shelar cewa ɗansa ɗan ajin jakuna ne. Sai dai su aika mata da ƙwai ta bayan gida. Bana ta yi ritaya. Ranar rufewar, magajin gari ya tsaya a kan dakali ya ce shirin tallafin da ke riƙe da ajinta ya ƙare, za a zuba kujerun biki a ɗakin. Aka tafa masa. Tana gefe, hannu wayam.

Na koma gida na yanke furen marigayiya matata Anica kaf, na ratsa tsakiyar filin da sandata. Maƙwabciyata Floarea ta ce, "Tsoho, zawarci za ka?"

Na ce, "Jikanki ma a ɗakin ya koyi rubuta sunansa, rufe bakinki."

Malama ta karɓa, ta ce, "Baba Gavrila, ka aske lambun Anica gaba ɗaya."

"Ba ta bukatar su inda take."

Ba wanda ya biyo bayana. Ko mutum ɗaya.

Na gode miki, Malama, ni da gidana. Ku kuma matasan malamai, akwai yara a aji biyar da har yau suke bin baƙi da yatsa, kuma garke zai sake hawa dutse baɗi. Sandar tana jingine, wa zai ɗauka?

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo gidana ranar Lahadi. Jakin ajinta da ya rubuta mini wannan da hannunsa zai karanta masa tun daga farko, sannan in ga ko zai iya duban idona.