Jitar Ya Modu Bayan Azahar

Har yau in na ji an kashe janareta saboda kiran salla, wani biki da muka yi a Gashuwa nake tunawa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara.

Lokacin ni ne mai kula da sauti a wata ƙungiyar kiɗan biki ta Nguru: ni ke jona waya, in daidaita lasifika, in tsare kaya. Oga Lawan ne shugaba, sai mai jita Ya Modu, wanda ya girme mu duka. Shekarar ce Oga ya ajiye tsohuwar amfilifayarmu, akwatin ƙara sautin jita mai nauyin buhun gero, ya sayo wata 'yar na'ura daga Kano. Ana jona mata jita, ita kuma ta kwaikwayi muryar amfilifaya iri-iri. Muryoyin sun yi yawa, maɓallai birjik, ga ɗan allo mai haske. Ya Modu ya harare ta ya ce, "Abin da ba shi da nauyi ba shi da gaskiya."

Duk da haka yakan zauna da safe ya yi ta murɗe-murɗe har ya samo murya mai taushi irin wadda yake so. To, al'adarmu a wurin biki, da an kira salla sai a tsai da kiɗa a kashe janareta, kowa ya tafi masallaci. Mutum ɗaya ke zama gadin kaya ya yi tasa sallar a nan, kuma ni ne. Ana dawowa a ta da inji, sai jitar ta ɓarke da wata ƙara kamar injin markaɗe.

Da abin ya maimaitu, kallo ya dawo kaina. Ya Modu ya daina amsa gaisuwata da kyau. In na nufi na'urar sai ya ɗora mata ƙafa. Har ji na yi yana gaya wa Oga wai ina so in kunyata shi ne don a kawo wani ɗan'uwana mai jita. Abin ya yi mini ciwo, domin ko mai busa usur babu a danginmu. Ni ma, ba na ɓoye muku, na fara zargin ko shi ke lalata abinsa don a dawo masa da tsohuwar amfilifaya.

A motar zuwa Gashuwa Oga ya ce mini, "Sale, in jitar nan ta sake canjawa yau, ka nemi wani aikin."

Bayan azahar kuwa ta canja, a gaban dangin amarya. Mata suka toshe kunne. Oga ya dube ni.

Da la'asar ta gabato na ce, "Ya Modu, don Allah yau kai ka tsaya gadi. Ni zan je masallaci."

Ya ce, "Yauwa. Yanzu za a gane."

Ya sake daidaita muryarsa, ya shimfiɗa sallaya dab da na'urar, har ya rufe ta da rawani. Muka dawo, aka ta da inji, ya yaye rawanin, ya taɓa tsirkiya. Injin markaɗe ya amsa.

Oga ya kira mai shagon da ya sayo na'urar a Kano, ya sa wayar a amsa-kuwwa. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kuna danna maɓallin adanawa kuwa? In ba a adana ba, wuta na ɗaukewa take mantawa. Kuma ku bar yawo cikin muryoyin nan. Ku riƙe ɗaya, ku iya ta, sannan ku ƙara."

Haka muka yi. Murya ɗaya Ya Modu ya adana, da ita ya gama bikin, da ita ya ci damina guda kafin ya yarda ya taɓa ta biyu.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan in sabon kaya ya ba da matsala, ba a fara tuhumar kaya, wanda aka bari da shi ake tuhuma. Shi ya sa nake sa ku kashe kowace na'ura ku kunna a gaban mai ita kafin a tashi.

Ya Modu bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma da aka kira magariba ran nan, ya miƙo mini jitarsa, wadda ko Oga ba ya taɓawa, ya ce, "Riƙe mini, Sale." Ya tafi masallaci bai waiwayo ba.